Garkuwar da Ta Rage Mini Sahu

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam sunayen abubuwa, Ya kuma sanya harshe amana a bakin mai shi.

A zaurena, nan Arlit, akwai garkuwa rataye a bango sama da inda nake jera littattafai. Ta fatar warwaji ce, naman dajin nan na hamada, doguwa, in an tsayar da ita a ƙasa tana kai wa mutum ƙirji, kuma gefenta ɗaya ya taɓa tsagewa an ɗinke shi da jijiya. Ba gadona ba ce. Ni mutumin Damagaram ne, kakannina alƙalami suka riƙe, babu mayaƙi a cikinsu. Baƙi sukan tambaye ni yadda ta zo gidan malami, shi ya sa na ga ya dace in rubuta, tun ina da ikon faɗa da bakina.

Sa'ad da nake durƙushe gaban malamaina, kalmar nan fuska ɗaya gare ta. Garkuwa ita ce abin da mayaƙi yake riƙewa da hagu, takobi yana dama. A cikin kayan yaƙi duka ita kaɗai ce ba ta zubar da jini. Mashi yana huda, kibiya tana tafiya neman wanda ba ta sani ba, ita kuwa garkuwa aikinta ta karɓi saran da aka nufi wani da shi. Saboda haka ne malamai suka zaɓe ta wajen fassara, suka karantar da mu cewa azumi garkuwa ne. Akan ce wa dattijon da ake fakewa a bayansa garkuwar gari. Har likitoci da suka zo daga baya sun are ta, suna cewa garkuwar jiki, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai zamani ya kawo mana wata magana ta rediyo da waya: garkuwa da mutane. Asalinta mugu ne yake sa bawan Allah a gabansa don kada a harbe shi. A hankali ta zama sunan satar mutum a nemi fansa. Yau in ka ce garkuwa a tasha, babu mai tuna fata ko azumi. Gaban mutane ne kawai yake faɗuwa.

Ina limancin wani ƙaramin masallaci a unguwar da akasarinmu tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai ne da iyalansu. Cikin waɗanda suka daɗe suna salla bayana akwai wani dattijo mai lambu, mutumin Abzin, wanda yake noma tumatir da albasa a bakin gari. Da girmansa ya koyi Hausa, a kasuwa, shi ya sa namiji da mace duk "shi" ne a bakinsa. Mukan yi masa dariya, shi ma yakan rama in na gwada gaishe shi da Tamajak. Yana da ɗa magidanci, mai mata da 'ya'ya, wanda yake kabu-kabu da moto, wato babur.

Wata rana da hantsi, a kwanar da motocin ma'aikata suke juyawa, ɗan nan ya kauce wa wani kamyo, babbar motar kaya, ya banke wani mai shayi, ƙafar mutumin ta karye. Kafin a tantance mai laifi, mutane sun taso da itatuwa da duwatsu. Ya yar da moton ya sheƙa, kuma ƙofata ce ta fi kusa, a buɗe take. Ya shige ta gabana kamar iska. Na miƙe na tsaya a bakin zauren, ba ni da komai sai sandar da nake dogarawa.

"Malam, matsa mana!" in ji wani ƙato da ke gaba.

Na ce, "Ban iya matsawa ba, tsufa ya kama ni. Wanda yake sauri ya bi ta kaina."

"Ai kashe mutum ya yi!"

"To wanda ya kashe ga shi can yana kiran a ɗauke shi a kai shi likita, ku kuwa kun bar shi kwance a rana."

Wasu suka juya, wasu suka tsaya suna zage-zage, ni ma na tsaya har jandarmomi suka iso. Aka kai mai shayi likita, aka shiga maganar sulhu. Amma dangin mai rauni ba su huce ba, don haka na riƙe ɗan mai lambu a cikin gidana na 'yan kwanaki, ba ya leƙa waje, wayarsa a kashe.

Mahaifinsa ya rasa yadda zai gode mini. Ya ɗauki waya ya aika saƙon murya ga taron masu lambu da 'yan kasuwa, kuma da yake ba duka suke jin yarensa ba, sai ya yi da Hausa. Na saurari saƙon daga baya. Cewa ya yi: "Jama'a, ku ji abin da malam liman ya yi. Ya yi garkuwa da yarona cikin gidansa. Yana can har yanzu, ba ya fita. Allah Ya saka masa."

Muryar tsoho ce tana rawa don godiya, amma wanda bai san shi ba sai ya ji rawar kuka. Saƙon ya fita daga hannun masu lambu. Ya je Agadas, ya gangara Maradi. Wani tsohon ɗalibina ya kira ni daga Tchirozérine, ya yi ta gaisuwa yana kewaye-kewaye, ya kasa tambayar abin da ya kira don shi. Samarin kabu-kabu kuwa in na wuce sai su ɗaga murya: "Allah gafarta Malam, nawa ne fansa? A rage mana, talakawa ne mu!" Waɗannan ba su dame ni ba, sun san gaskiya, neman dariya suke yi.

Wanda ya dame ni shi ne shugaban dattawan masallacinmu, wani Alhaji mutumin Maradi, wanda ya yi aikin rami har ƙarfinsa ya ƙare. Ba mugu ba ne, kuma ba zan bari a karanta shi haka ba. An taɓa ɗauke ƙanensa a hanyar kudu, dangi suka sayar da gonakin gado kafin a sako shi, kuma ya dawo ba shi ne mutumin da ya tafi ba. Wannan kalma a kunnen Alhaji ba kalma ba ce, miki ce.

Ya tara dattawa bayan la'asar a rumfar masallaci. A lokacin ɗan mai lambu ya riga ya koma gidansa, har ya ci gaba da hawa moto.

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, unguwa ta san gaskiya, amma waya ba ta sani ba. 'Yan uwana suna kirana daga gida suna tambaya ko bayan mai satar mutane nake salla. Abu biyu ne, ka zaɓa. Ko dai mai lambu ya tashi bayan magariba, a ba shi lasifika, ya ce bai iya Hausa ba, kuskure ya yi, ya nemi gafara, mu ɗauka a waya mu aika inda na farko ya je. Ko kuma ka ja baya, na'ibi ya riƙa ba da salla har maganar ta kwanta."

Na ce, "In bayani ake so, ni zan yi da bakina."

Ya ce, "Bakin wanda ake zargi ba ya wanke shi."

Ban musa masa wannan ba, domin gaskiya ce. Kuma na san inda kuskuren yake, na fi kowa sani a wurin. Da tsohon nan ya ce na yi wa ɗansa garkuwa, da babu abin da ya faru. Sai ya ce na yi garkuwa da ɗansa. Tsakanin "wa" da "da" ne duk wannan wuta ta tashi. Duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san harafi guda yana iya mayar da addu'a la'ana. Na kuma san abin da malaman fiƙihu suka faɗa, cewa abin ƙi ne mutum ya limanci jama'ar da ba ta son sa. Amma sun yi sharaɗi, sai in ƙin ya kasance saboda aibi ne a addininsa. Na auna kaina a kan wannan ma'auni ina zaune, ban sami aibin ba.

Sai na ce, "Alhaji, mutumin nan gemunsa ya fi nawa fari. Ya koyi harshenmu don ya zauna da mu, mu kuwa ba mu koyi nasa ba sai gaisuwa, ita ma a karkace. Godiya ya yi. Ba zan tsayar da shi gaban 'ya'yansa da jikokinsa ya nemi gafara a kan godiya ba, a ɗauke shi a waya ya zama abin dariyar tasha. Ja da baya kuma ba zan yi ba, domin liman ba ya ja sai da aibi, in na ja na sa wa ƙarya hannu."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "To ko kalmar ce ka daina faɗa a karatu, Malam. Jiya ma mun ji ka da ita, mata suna zunɗe."

Alhaji ya ce, "Kalmar nan ta mutu. Ɓarayi sun tafi da ita."

Na ce, "Sun tafi da shanu, sun tafi da mutane, sun raba mu da tafiyar hanya cikin natsuwa. In muka bar musu wannan ma, da me zan fassara wa jikanka azumi? Ba su ne suka haife ta ba, sun same ta ne a bakinmu. Ni ba zan sallama musu ita ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ni ba, masallatai suna da yawa a garin nan, sallarsa ta inganta a can, kuma ba zan riƙe shi a rai ba."

Alhaji ya sa takalmansa ya tafi, bai yi sallama ba.

Da magariba ta yi, na wuce gaba kamar kullum, ban waiwaya ba. A mazhabarmu mamu ba sa ɗaga murya da amin, don haka liman ba ya sanin yawan na bayansa ta nan. A ruku'u yake sani. In sahu ya cika, sa'ad da jama'a suka sunkuya akwai wani motsi na riguna da ƙarar gwiwoyin tsofaffi da yake zuwa maka kamar iska ta ratsa karan dawa. Na saba da shi har ba na lura. A wannan rana na yi kabbara na sunkuya, sai na ji motsin ya zo siriri, ya ƙare da wuri. Allah Ya gafarta mini, zuciyata ta bar karatu ta koma baya na ɗan lokaci, na jawo ta da ƙyar. Da na sallame na juyo, sahu ɗaya ne, shi ma bai kai bango ba. Mai lambu yana ciki, da ɗansa a gefensa.

Washegari da safe mai lambu ya yi sallama a zaurena, ɗauke da wani abu naɗe cikin tsohon bargo. Labarin taron dattawa ya kai masa. Ya zauna, ya ce, "Malam, mene ne na faɗa wanda ba shi daidai ba?"

A nan, daga ni sai shi, na gaya masa. Na bambance masa "wa" da "da". Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "To na gane. Ka yi wa garkuwa da yarona."

Na ce, "Yanzu ka haɗa su duka biyun, ka ɓata wanda yake daidai ma."

Muka yi dariya har tari ya kama shi. Sai ya ce zai tashi a masallaci ya faɗi abin da Alhaji yake so, ba ya son in rasa jama'a saboda shi. Na ce in ya tashi, ni kuma zan fita in bar masallacin. Ya dube ni ya ga ba wasa nake yi ba. Ya warware bargon, ya fito da garkuwar.

Ya ce, "Na kakana ne. Shi wannan bai taɓa sace kowa ba. Ka rataye shi inda mutane za su gani."

Na rataye ta.

Sahun bai koma yadda yake ba, kuma ba zan ce ya koma ba. Wasu sun saba da wani masallaci sun zauna can. Ban sani ba ko har yau a wani gari ana riƙe da saƙon nan a waya, ana kirana da abin da ban yi ba. Amma ban sauka ba, kuma ba a tsayar da tsohon nan ba. Alhaji ya daɗe bai zo ba. Wata azahar na sallame na gan shi a ƙarshen sahu. Da muka fito ya ce, "Kada ka ɗauka na yarda da maganarka, Malam. Wancan masallacin ne ya yi wa gwiwata nisa." Na ce gwiwa ma hujja ce, Allah Ya ƙara mata ciwo kaɗan. Ya harare ni, ya miƙo hannu.

Da watan azumi ya kama, ina karantar da magidanta a zaure, muka iso wurin da ake siffanta azumi. Wanda yake biya fassara a bayana ya zo kan kalmar ya tsaya, ya ce, "Azumi kariya ne." Na nuna masa bango da sandata.

Na ce, "Ba haka na faɗa ba. Maimaita, ka ɗaga murya, na waje su ji."