Sunan da Hajiya Ba Ta Faɗa

Har gobe ina tuna ranar da Hajiya Ladi ta shigo shagonmu na Ƙofar Doka da fasasshiyar waya. Ku da kuka zo daga baya, lokacin ni ce mai kwashe wa mutane kayan tsohuwar waya zuwa sabuwa, Malam Sani shi ne oga. Shagon a zauren gidanmu yake, shi ya sa ma na yarda da aikin.

Saƙonnin muryar marigayi mijinta take nema. Suna nan a ajiye a intanet, amma a kulle, sai da fasuwod, wato kalmar sirri.

"Ku fasa mana," in ji ta.

Oga ya ce, "Hajiya, babu makulli a hannun kowa. Daga kalmar taki ake ƙera shi. Na'ura ta barbaɗa mata abin da suke kira gishiri, ta yi ta dakanta har ta zama makulli. Ba kalma, ba makulli."

"Ai na san kalmar. Alhaji ya ce in zaɓa, shi ya rubuta."

"To faɗa mana."

Ta tashi, ta zauna, ta gyara mayafi. Can ta ce, "Sunan yaron nan ne."

Oga ya san ɗanta da Babangida, ya buga, aka ƙi. Ya sake da ƙananan baƙaƙe, aka ƙi. Gumi ya karyo masa, don in kuskure ya yi yawa, dakatar da mutum ake yi. Ya ce, "Hajiya, don Allah, suna ne fa kawai!"

Ni kuwa na gane, ɗan fari ne, uwata ma har ta rasu ba ta kira sunan yayanmu ba. Ga Hajiya ba ta iya rubutun boko. Na zari hijabi, na tari keke zuwa Tukur-Tukur wajen ƙanwarta. Tana dariya ta ce, "Mamuda!"

Na dawo na faɗa wa oga, yana bugawa ta buɗe. Muryar Alhaji ta fito, yana tambaya ko an ɗora sanwa. Hajiya ta rufe fuska.

Da ta natsu, oga ya ce a canza kalmar, duk dangi sun san ta. Ta ce, "Ni na ɗauka abin da bakina ba ya faɗa shi ne sirri."

Shi ya sa nake gaya muku, in mutum zai zaɓi fasuwod, ku tambaye shi wa ya san ta, ba ko yana faɗarta ba.