Kilen Falalu Ba Ya Dawowa Wofi

Falalu taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. A Falanko aka haife shi, gidan manoman gero, kuma tun yana ƙarami aka gane shi da hauya ba sa shiri. In an tura shi gona, sai a same shi a gindin aduwa ya kwance rediyon babansa. Sai da ya kashe uku kafin ya iya tayar da ɗaya. Daga nan lakkwal, wato makarantar boko, daga nan karatu a Damagaram. Da ya gama mun ɗauka Yamai zai wuce, sai ga shi ya dawo Tanut ya buɗe shagon gyaran kwamfuta a bayan tasha. Ni kuwa ina aikin buga takardu a ofishin magajin gari, shagonsa na kan hanyata, kullum sai na tsaya na tsokane shi.

Gyara shi ke ciyar da shi, amma ransa na wani wuri. Akwai wata manhaja da mutane daga ƙasashe da yawa suka taru suka gina, kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Aikinta ta naɗe wata manhajar da duk abin da take buƙata cikin akwati guda, yadda za ta yi aiki a kowace kwamfuta ba sai ta nemi aro ba. Sau uku ya yi mini bayani, wannan kaɗai ya zauna. A yankinmu, cikin irin wannan akwatin ake tafiyar da rajistar rigakafin dabbobi da ta ɗaliban wasu makarantu.

Matsalar tana wajen shigar da ita. Ƙaramar manhajar da ke girka ta a kwamfuta, wadda su Falalu ke kira enstala, sai ta riƙa jawo kaya daga intanet tana cikin aiki. Mu kuwa rezonmu, wato layin intanet, ka san halinsa. Ya kai ka tamanin cikin ɗari, ya ɗauke, ka koma farko. Falalu ya gaji da ganin mutane suna zagin allo, ya zauna ya haɗa enstalar da ke ɗauke da komai a cikinta, ba ruwanta da rezo. Masu manhajar suka karɓa, suka sa a shafinsu, suka ce shi ne mai kula da ita. Shekara shida ke nan, kyauta.

Na sha kallon yadda yake gwaji. Yana da tsofaffin kwamfutoci uku a kan benci. Ɗaya agogonta ya mutu, kullum a shekarar 2010 take farkawa, kuma ya ƙi gyara ta, wai ire-irenta sun cika ofisoshin karkara. In sabon fitowa na manhajar ya zo, sai ya haɗa enstala, ya sa ta aiki, tana tsakiya ya fizge wayar wuta da gangan, ya mayar, ya ga ko za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ranar da na fara gani na ce masa, "Malam Kile, kai da kanfanin kuran, masu ɗauke mana wuta, wa ya fi mugunta?" Ya ce, "Husaina, gara ta mutu a hannuna da ta mutu a ƙauyukan kwarin Tarka." In ta ci gwaji sai ya ɗora ta a shafin, sannan ya sauko da ita sau ɗaya don ya tabbatar abin da ya tura shi ne ya isa. Wannan yake zubawa a kile, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, wanda ya ɗaure da igiyar fata don kada ya ɓace a yashi.

Almustafa direba ke ɗaukar kilen zuwa Belbeji. Daga can ya bi hannu zuwa hannu, kwarin Tarka, Ollelewa, wuraren da Falalu bai taɓa takawa ba. Shi da bakinsa yake gaya wa kowa, "Kada ku wahal da kanku da saukewa, ku jira kile."

To, a Damargu in maƙwabciya ta aiko miki da tuwo, ba kya mayar mata da kwano wofi. Ko gyaɗa ce ƙanƙanuwa sai kin zuba. Mutanenmu suka ɗauki kilen nan kamar kwano. Duk wanda ya yi amfani da shi sai ya zuba wani abu kafin ya miƙa gaba. Wani hoton allonsa da rubutun "an gama", wani muryarsa yana sa albarka, wani hoton ragon suna. Falalu ya yi ta mita, wai suna cika masa wuri kuma suna kwaso masa cutar kwamfuta. Sai dai bai taɓa goge ko ɗaya ba. Yakan tace su ya zuba a wata jaka a kwamfutarsa, da ya sa wa suna Tarkace.

Bara, farkon damina, na shiga shagon na tarar da shi zaune, shayinsa ya huce. Ya juyo mini allon. Matar da ke jagorantar masu manhajar ce ta rubuto, daga wata ƙasa mai nisa, cikin ladabi. Suna rage kayan da ba a amfani da su. Sun duba sun ga duk fitowa mutum ɗaya ne tak ke sauke enstalarsa. Bayan kwana talatin za su cire ta daga shafin.

Na ce, "Mutum ɗayan wane ne?"

Ya ce, "Ni."

Dariya ta zo mini, ta koma. Na fahimci abin da ke gabanmu. In an cire ta, ba za a ƙara ba shi hatimin da ke nuna enstalar ta gaskiya ce ba, kwamfutocin karkara su tsaya kan tsohuwar manhaja har ranar da za ta ƙi aiki. Kuma tausayinsa ne ya jawo, shi ya hana kowa saukewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su da shi. Shi kuwa ya fara cewa wai wataƙila suna da gaskiya.

"Gaskiyar me? Buɗe Tarkacen nan ka tura musu, su ga mutum ɗayan nasu."

"Wannan ba shaida ba ce, Husaina. Kyauta ce aka yi mini. Ba na baje ta gaban baƙi ba da sanin masu ita ba."

Na so in maka masa butar shayin. Kwana talatin, hanya ta jiƙe, shi yana maganar neman izini. Amma na san shi, in ya kafe ko gwaggo ba ta tanƙwara shi. Ya rufe shago, ya hau motar Almustafa. Wanda waya ta samu ya kira, wanda ba ta samu ba ya je ƙafa da ƙafa. Sau biyu motar ta kafe a laka a kwarin Tarka. A can ya sami Fadimata, ma'aikaciyar dabbobi, wadda shekara huɗu tana zuba masa hoton kowane garken da ta gama yi wa allura, ba su taɓa ganin juna ba. Ta ce, "Ashe kai ne mai kilen? Na ɗauka wani dattijo ne mai gemu." Da ta ji abin da ya kawo shi, ta ce ya tura duka, har ta ƙara masa da sunayen mutum biyar da ta ba aron kilen, waɗanda bai san da su ba. Mutum biyu suka ce ba sa so a nuna nasu, ya cire.

Ya dawo ran kwana na ashirin da shida, ya rame, ga mura. Ya ƙirgo kwamfuta arba'in da bakwai da kilen ya shiga. Na zauna gefensa ya rubuta, kuma na hana shi sa "ku yi haƙuri" sau uku a layin farko. Ya bayyana rezo, ya bayyana kile, ya bayyana kwano. Tura hotunan kaɗai ya ci mana yini biyu.

Amsa ta zo ana saura kwana ɗaya. Enstala za ta zauna. Matar ta rubuta cewa kuskurensu ne, sun ƙirga abin da ke wucewa ta ƙofarsu kaɗai. A ƙasan saƙon akwai hoto: teburinta, kofin shayi, da wata kyanwa mai ƙiba kwance a kan madannan kwamfutarta. Ta ce ta karanta cewa a wurinmu ba a mayar da kwano wofi, wannan ne abin da ke kusa da hannunta.

Falalu ya daɗe yana kallon kyanwar nan. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce mura ce. Ban tsokane shi ba, karo na farko tun muna yara, domin ni ma nawa ya kawo. Ya ja hoton ya zuba a Tarkace, kusa da shanun Fadimata.

Watan jiya wani sabon fitowa ya zo. Ya haɗa, ya fizge waya, ya mayar, ya ɗora, ya sauke. Na leƙa shafin na ga adadin masu saukewa: ɗaya. Ya zare kilen, ya naɗe igiyar, ya fita tasha neman Almustafa.