Injin ƙyanƙyasar Mama ta Kakau

Har yau in na ji ƙaurin dalma, shagon Baba na Unguwar Mu'azu nake tunawa. Baba tsohon ma'aikacin lantarki ne a masaƙa, da aka rufe ta ya koma gyaran rediyo da sitabilaiza. Ni kuma na gama karatun kwamfuta, babu aiki, sai ya ba ni gefen teburinsa. Ina kewar teburin nan ƙwarai, da shayin da yake sha a gwangwanin madara.

A nan wata mai kiwon kaji daga Kakau, wadda kowa ke kira Mama, ta same mu. Injin ƙyanƙyasa take so, ta gaji da sayen 'yan tsaki. Baba ya haɗa akwatin da hita da fanka da batir. Nawa aikin shi ne rubuta umarnin da zai shiga 'yar ƙwaƙwalwar injin, wadda ba ta fi farcen yatsa ba: ta auna zafi, ta kunna hita, ta kashe.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ina ji da kaina a lokacin. Na sa allon injin ya riƙa rubuta cikakkiyar jimla kowace daƙiƙa, da gaisuwa, da zafi, da kwanakin da suka rage. Harshen kwamfutar da nake rubuta umarnin da shi yana da wata hanya mai sauƙi ta jona kalmomi, layi ɗaya tak.

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Wannan layin naka, me yake ci?"

Na ce, "Layi ɗaya ne fa, Baba."

"A takarda ɗaya ne. A cikin injin fa?"

Ya bayyana mini cewa duk sa'ad da aka jona kalmomi haka, injin kan yanki sabon wuri a ma'ajiyarsa, ya saki tsohon. Yau da gobe sai ma'ajiyar ta zama kamar ƙyallayen tela, ga su da yawa, amma babu wanda zai isa ko aljihu. Kwamfutar makaranta ba ta jin wannan, ita kuwa 'yar ƙwaƙwalwar nan ba ta da sarari. Na yi dariya, na kunna injin tun safe har la'asar, bai yi ko tari ba. Na ce ga shi nan. Baba ya ce ƙwai kwana ashirin da ɗaya yake yi, ya ci gaba da gyaran rediyonsa.

Mama ta zuba ƙwan da ta yi makonni tana tarawa daga kajinta na gida. A kwana na goma sha takwas, ranar Lahadi, ta dawo daga coci ta tarar allo ya daskare. Ƙwaƙwalwar ta nemi wuri ta rasa, ta tsaya cak, hita kuma a kunne, har zafi ya kashe ƙwan.

Na hau mota zuwa Kakau, bakina cike da bayani. Mama ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a hankali. Ɗan tsako ne cikakke, da baki da gashi, a naɗe. Ta ɗora mini a tafin hannu.

Ta ce, "Riƙe, ɗana. Saura kwana uku ya fito."

Har lokacin da ɗuminsa.