Kawu Bukar da Tauraron Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Bukar a Gamboru ya san ba ya amsawa da "lafiya lau". Ka ce masa ina kwana, ya ce maka kogin Ngadda ya ƙaru da yatsa biyu. Har wurin ta'aziyya ya taɓa yin haka.

Tun yana saurayi aikinsa karanta ma'aunin ruwa a gindin gada. Da ofishinsu ya koma auna ruwa da tauraron ɗan adam, aka sallame shi, aka ɗauki irinmu masu kwamfuta, har da ni ɗan ƙanwarsa. Na zauna ina masa bayanin yadda tauraron ke auna tsayin ruwa daga sama. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wandonsa ya taɓa jiƙewa?" Na ce a'a. Ya ce to bai san ruwa ba.

Bai fasa ba. Ya sami gora ya zana mata layuka da jan farcen matarsa Ya Falmata, wai fenti tsada. Ita ma randarta ba ta tsira ba. Kullum sai ya tsoma gorar, ya sanar da ita cewa akwai ɓarna a gidan nan.

Shekarar ambaliya, sau uku yana takowa ofishinmu a ƙafa, yana cewa ruwa ya kai inda bai taɓa gani ba. A zuwansa na uku, masinja ya zaunar da shi a benci har azahar. Na fito na raɗa masa cewa tauraron ma haka ya nuna, mun rubuta rahoto, yana kan teburin oga ana jiran sa hannu.

Ya ce, "Ashe shi ma tauraron tsoho ne. Yana faɗa ba a ji."

Dariya na yi, wallahi. Ban koma na buga ƙofar oga ba.

Ruwa ya ci gidansa. A ajin makarantar da aka tsugunar da su gudawa ta kama shi, kwana huɗu ya cika. Daga ofis, ni kaɗai na je jana'iza.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi daga Alkausara. Mu da muka sani muka yi shiru, Allah ya yafe mana.