Ta Wanke Shaidarta

A wani babban kanti da ke unguwar Safa a Jidda, wata dattijuwa tana tsaye gaban teburin karɓar koke. Abayarta a goge take, takalminta kuwa ya sha tafiya. Daga jin Hausarta, 'yar Sudan ce. Ta rungume wata roba a ƙirji. Jikarta tana gida tana amai tun da ta ci gasasshiyar kazar kantin nan, kuma so take a kwashe sauran kafin 'yar wani ta ci.

Ma'aikacin, haifaffen Jidda mai guntuwar Hausa, ya ce, "Hajiya, kawo ragowar a gwada."

Ta miƙa robar da hannu biyu. Yana buɗewa, sai ƙamshin sabulu. Ta wanke ta tas, har murfin.

"Ya Hajiya! Ina kazar?"

"Na zubar, ɗan nan. Ni zan mayar wa mutane kwano da dauɗa? Ba haka aka rene ni ba."

Lallai ta sami tarbiyya irin ta da, wadda yanzu ta yi wuya. Ma'aikacin ya ce halas, magana ta ƙare, babu shaida. A bayanta kajin suna ta juyawa a kan wuta, layin masu saye yana ƙara tsawo.