Taeksu da Yayan da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Ina sanar da mazauna layinmu na bayan kasuwar kifi a garin Gunsan cewa kujerar robar nan shuɗiya da ke ƙofar shagon Madam Pyo ta zama ta kowa. Wanda ya ga dama ya zauna. Mai ita, Byeon Taeksu, ya rasu ranar Talata, huɗu ga Maris, yana da shekara hamsin da huɗu. Zuciyarsa ce ta tsaya yana cikin ɓare lemo.

Taeksu, tun ranar nake jiran kuka, bai zo ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta in koyar da tarihin sarakunan da suka mutu, in dawo.

Ajinmu ɗaya tun firamare, kuma ka fi ni ƙwaƙwalwa, abin da ban taɓa yafe maka ba. Muna shekarar ƙarshe a jami'a ka fara jin murya. Likitoci suka ba ciwon dogon suna, suka ba ka magani mai sa barci. Kai kuwa sai ka yi abin da duk ɗan mutunci yake yi in ya haɗu da baƙo: ka tambayi muryar shekarunta. Ta ce ta girme ka da biyu. Shi ke nan, ka yi Yaya. Shekara talatin ba ka taɓa yi masa gatsali ba. Ko shayi za ka kurɓa, sai ka riƙe kofin da hannu biyu ka kau da kai gefe, kamar yadda ake yi a gaban manya.

"Yau me Yayan naka yake cewa?" nakan tambaye ka.

"Ya ce har yanzu kana karanta littattafan da suka fi ƙarfinka."

"Ka gaishe shi."

"Yana jin ka ai. Ba kurma ba ne."

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana zaginka yake tun safe. Ya ce maka mai karanta labarai a talabijin da kai take, kuma an sa kunnuwa a turakun lantarki ana sauraronka. Ka yarda, kana tsoronsu ƙwarai. Duk da haka in muna tafiya kai kake bin gefen turakun, ka tura ni ta ciki don kada a ji ni. Na sha yi maka tsiya a kan wannan. Ban da kai, ban san wani da ya taɓa tare mini abin da yake tsoro da jikinsa ba.

Da matata ta rasu, ka zauna kusa da ni har aka tashi makoki. Abu ɗaya ka ce: "Na roƙi Yaya ya yi shiru yau."

Iyayenka sun gaya wa dangi da duk wanda ba ɗan layinmu ba cewa kana aiki a jirgin ruwa. Bayan rasuwarsu ƙanwarka Okhui ta gaji kula da kai, ta gaji labarin jirgin. Shi aka ba iyayen yaron da zai auri 'yarta Dain a watan Mayu.

Don haka da ka rasu na ja ta gefe.

"Okhui, a yi komai a shiru. In kika buɗe ɗakin makoki sunansa zai hau allon sanarwa na ƙofar ɗakin, surukai za su ji, za su yi tambaya. Kin san mutanenmu da tsoron ciwon da ke bin jini. Ki tuna da Dain."

"Malam, shekara talatin yana cikin teku," ta ce. "Ya isa. Bari ya sauka."

Ta buɗe ɗakin na kwana uku. Da kanta ta kira surukan ta faɗa musu ciwonka da sunansa. Mahaifin yaron ya zo shi kaɗai, ya sunkuya sau biyu a gaban hotonka, ya sha miyar makoki, ya tafi bai ambaci biki ba. Har yau bai kira ba. Ko za a yi auren, ban sani ba.

Dain ce ta tsaya a ƙofa cikin baƙaƙen kaya tana tarbar mutane. Duk wanda ya shigo, ko bai tambaya ba, sai ta ce, "Kawuna ne."

Allah Ya ji ƙanka, Taeksu, Ya kwantar da kai inda babu mai yi maka magana sai ka so. Ya ba Okhui da Dain haƙurin rashinka, Ya zaɓa wa yarinyar nan abin da ya fi alheri.

Okhui, shawarar da na ba ki ba daidai ba ce.