Doguwar Antan da Na Kai wa Surukina

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawa ɗaya ne a wannan tafiya, kuma ni ne. Ni ɗin nan da na yi aji huɗu cur a lakwal, makarantar boko ke nan, wanda har gobe in takarda ta zo ƙauyenmu ni ake kawo wa in jujjuya ta.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na wajen Ollelewa, ni da tsohuwata, wato uwar 'ya'yana, a bayan wata a-kori-kura da buhunan hatsi da awaki biyar suka riga mu kama wuri. Ɗiyarmu ce ke aure a wani mashekarin makiyaya arewa da Belbeji, kuma cikinta ya tsufa. Haihuwarta ta baya da ƙyar aka sha, jini ya kusa ƙare mata kafin labari ya kai gari. Wurin babu rezo, wato sabis ɗin salula, ko na magani. Shi ya sa mijinta ya sayi oba-oba biyu, 'yar rediyon hannun nan da ake magana a ciki. Ɗaya na wurinsa, ɗaya na wurin ƙanensa mai babur a garin da ungozoma take, tafiyar awa biyu a ƙasa. Sai raƙumi ya taka antan ɗin tasa, wato eriyar rediyon. Ya aiko mini da guntun, ya ce don Allah in sayo irinta a Tanout.

Na dubi guntun nan, bai fi ɗan yatsa ba. Na ce wa tsohuwa, "Riƙe wannan tsinken. Dama ina za a ji magana da wannan?"

Kwaltar Tanout tana nan yadda kuka san ta, rami na miƙa ka ga rami. Da hantsi muka sauka, muka karya da ƙosai da kunu a tasha. Ƙosan dala ashirin yanzu guda huɗu ne, kuma ko wane ɗaya sai ka matso da ido. Daga nan muka shiga kasuwa, muka sami rumfar wani mai sayar da tocila da faifan sola, ya zube mini antan kala-kala a kan tabarma.

Idona ya faɗa kan wata doguwa, baƙa, tana lanƙwasa kamar tsumagiya, ta kusa kai tsawon hannuna.

Mai rumfa ya ce, "Baba, wace lamba ce a gindin tsohuwar? Kowace rediyo da irin tata. Wata ɗari huɗu da wani abu, wata ɗari da talatin."

Na ce, "Ɗana, ina karanta lamba tun ubanka na yawo ba wando. Sa a ƙaho ake gane shi. Naɗe mini doguwar."

Ya dubi furfurata, ya naɗe mini ita. Jika huɗu na sefa na biya, har da godiya. Tsohuwa ta ce in jira ta a inuwa za ta sayo kanwa, ta daɗe kamar ta je haƙo ta.

Hanyar Belbeji kuwa ba hanya ba ce, ra'ayin direba ce. Inda ya ga dama nan ya bi. Sau biyu muka kafe a rairayi, aka rage iskar taya, maza suka sauka turi, ni kuma na tsaya gefe ina ba da shawara. Amma ƙasar ta yi kyau bana. Ciyawa ta rufe tuddai, shanu jajaye masu dogon ƙaho sun bazu har inda ido ya gaji. A wata rijiya wasu Buzaye suka ba mu shayi kofi uku da cuku mai tauri, wanda ya tafi da rabin haƙorin da nake taƙama da shi. A Belbeji muka kwana gidan wani ɗan ƙauyenmu, washegari amalanken shanu ya kai mu mashekari.

Ɗiyata ta fito da ƙyar tana dafe da ƙugu, tana dariya tana hawaye. Ban san lokacin da na fara yi mata faɗan rama ba, alhali ba ta rame ba.

Surukina ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa. Na miƙa masa doguwar antan kamar mai ba da sandar sarauta. Ya ɗaura, ta zauna daidai. Ya kira ƙanensa. Shuuu. Ya sake kira. Shuuu, kamar ana suyar gyaɗa a cikin rairayi.

Na ce, "Ana ji?"

Ya ce, "Ana ɗan ji, Baba."

To kun san halinmu. Suruki ba ya ce wa uban matarsa ya yi kuskure, ko da rumbu ya cinna wa wuta. Kwana biyu bawan Allah nan yana hawa tudu yana sauka, in na tambaya ya ce da sauƙi. Ni kuwa ina kishingiɗe ina shan nono, ina yi wa makiyaya bayanin yadda magana ke tafiya a iska.

Rana ta uku da hantsi naƙuda ta tashi. Na ji muryar ɗiyata daga cikin bukka, irin muryar da ban taɓa ji ba. Surukina ya ruga kan tudu, na bi shi ina haki. Yana kira, yana kira. Shuuu. Na ce ya ɗaga sama. Na ce ya juya gabas. Daga nan shawarata ta ƙare. Na tuna jinin wancan karo, na dubi nisan garin.

Sai ga tsohuwa ta hawo tudun, ba ta ko dube ni ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata antan da ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ashe kanwar ke nan. Ta koma wurin mai rumfa da guntun, ta sa an jera su tana gwada zanen lambar da ido, yadda take gwada murfi da kwano, ita da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Kwana biyun nan ita ma ta yarda da maganar surukin cewa da sauƙi, shi ya sa ba ta fito da ita ba.

Aka kwance tawa, aka ɗaura tata, surukina ya riƙe rediyon a tsaye.

"Na'am, Yaya! Ina jin ka!" Muryar ƙanensa tar, kamar yana bayan tudun.

Kafin rana ta take tsaka babur ya iso da ungozoma. Bayan azahar aka sami mace, uwa lafiya, ɗiya lafiya. Na koma bayan garke na yi kukana inda shanu kaɗai suka gani.

Mun zauna har suna, muka ci rago, muka kamo hanya. Doguwar antan na hannuna, ina korar ƙuda da ita. Da muka iso gida na shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka zo barka, na gyara murya na ba su abin da tafiya ta koya mini: antan ba a tsawo take ba, a dace da rediyo take. A duba lambar gindinta, a hau tudu, a riƙe ta a tsaye. Na ƙara da cewa duk mai son saye nan gaba ya zo in raka shi, tunda yanzu na ƙware.

Tsohuwa na tankaɗe a bakin ɗaki, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Malam, shekara arba'in ina magana a gindin kunnenka ba ka ji ba. Kai ne za ka zaɓa wa mutane abin jin magana?"